Rariya

Ƙarfe biyar na asuba a Valdivia,
ruwan sama na buga kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Na hura murhu, na ɗora buta,
na buɗe kwamfutar da jikata Millaray ta bari
ranar da ta tafi karatu Santiago.

Akwatin imel uku nake kiwo.
Ɗaya nawa, na dangi da takardun asibiti.
Ɗaya na fadama, shi muka buga a ƙasan takardar koke,
muka manna a tashar bas da ƙofar kasuwa.
Na ukun na masu surutu ne,
yadda masu kifi ke jefa wa zakunan teku hanji
don su bar musu teburi.
Kalmomin sirrin na bayan kalanda, da fensir,
ƙarƙashin watan Yuni.

Ƙudaje ba su yarda da rabon ba.
Tun da adireshin fadama ya fita titi suka yi dafifi.
Wai na ci gadon wani attajiri da ban san kabarinsa ba.
Bankin da ban taɓa takawa ba ya rufe asusuna.
Ana yi mini tallan maganin ƙarfin maza,
ni da na binne mijina shekara tara.
Wani ma fili ya yi mini tayi, mai kallon ruwa, farashi mai sauƙi,
na duba hoton:
fadamar ce, an goge tsuntsayen.

Ta waya Millaray ta koya mini kafa rariya.
Kaka, ba ta kalmomi, za ta tare.
Na ba ta "gaggawa", na ba ta "gado",
na ba ta "fili" da "kyauta".
Akwatin ya yi tsit kamar coci ranar Talata.
Na yi barci har rana ta fito.

Ashe kowa da tasa rariyar.
Wasiƙar da na aika wa mutum ɗari huɗu a numfashi ɗaya,
wadda na kwana uku ina gyara wa waƙafi,
kansila Oyarzo ya ce bai gani ba.
Bai yi ƙarya ba.
Na'urarsa ta dube ni, ta ga ƙuda.

Wannan ya sa na buɗe kwandon shara,
wurin da saƙo ke kwana talatin kafin a share shi.
Ina gangarawa, shayi na hucewa.
Can ƙasa, kwana ashirin da tara,
manyan baƙaƙe, ba gaisuwa:

GAGGAWA. GADON MAHAIFINA NE FILIN NAN.
GONA CE KAFIN ƘASA TA GIRGIZA RUWA YA HAU.
BAN SAYAR WA KOWA BA. TAKARDAR TANA CIKIN GWANGWANIN BISKIT.
TSUNTSAYE NA BAR WA, KYAUTA.
KU ZO INA DA RAI.
EVARISTO NEIPÁN, CORRAL.

Kalmomina huɗu, duk ya taka su.

Na kira lambar, hannuna na rawa.
Ta yi ƙara bakwai, takwas.
Wata murya kamar tsohuwar ƙofa ta ce, wa?
Na faɗi sunana, Ximena, ta fadama.
Ya yi tari, ya yi shiru, ya ce:
Na ɗauka ke ma na'ura ce.

Gobe zan hau jirgin ruwan ƙarfe tara,
da burodi a jaka da leda don takardar.
Rariyar tana nan, ban cire ba,
ba ni da idon karanta dukan maƙaryatan duniya.
Sai dai yanzu, kafin buta ta tafasa,
nakan zauna bakin kwandon,
in juya shara da yatsa ɗaya,
layi bayan layi,
yadda fararen tsuntsayen nan masu baƙin wuya
ke tsoma kai cikin ruwan laka
su daɗe ba su ɗago ba.